Land Cruiser, Hilux, Prado, Pajero ko RAV4: wacce za ka saya in kana son bin mu daji daga Maradi?

Duk sanda ƙungiyarmu ta masu kat-kat, wato motoci masu jan taya huɗu, ta sa ranar fita daji tambayoyin nan dai su ne ke dawowa, wani ya ce shi RAV4 gare shi ko za ta iya, wani ya tara ƴan kuɗɗinshi yana tsakanin Hilux da Prado ya rasa ta ɗauka, wani kuma dillali ya riga ya cika mishi kunne da wata Pajero mai araha. To bari in baje maganar gaba ɗaya, mai ruwan ido ya karanta ya zaɓa da kanshi. Kuma tun farko in gaya maka inda na karkata don kada ka ce na yi maka rufa-rufa, a ƙasar Maradi ba girman inji ke raba gardama ba, rairai ne da bakanike. Motar da za ta ratsa rairai ba ta kahe ba, in ta lalace kuma akwai wanda ya san cikinta kuma kayanta na nan cikin gari, ita ce mota.

Wane daji ma tukuna?

Don in ba ka san inda za ka ba duk zaɓin banza ne. Mu nan iri uku gare mu. Akwai kudu, wajen Jiratawa da Madarunfa, wajen kilomita 20 daga gari, ka ga tafki ka ziyarci kaburburan waliyyai 99 da ake faɗi ka ci kifi ka dawo, wanga da rani ko ƙaramar mota na zuwa, da damina ne fadamar Gulbin Maradi ke zama laka mai riƙe taya. Amma in ka ƙara nutsawa kudu wajen Gabi da dajin Baban Rafi kusa da iyakar Najeriya, can maganar ba ta mota ba ce kuma, ta ƴan bindiga ce da masu satar mutane, haka ma wasu ƙauyukan Gidan Rumji na bakin iyaka, ba wurin yawon shaƙatawa ba ne ko da wace mota gare ka.

Sai tsakiya, ka bi Caduwa ka hau Mayahi ka sauka Gulbin Kaba cikin goruba, ko ka ratsa ƙauyuka ka ɓulla Tasawa. Nan hanyar amalanke ce tsakanin gonaki, rami biyu na taya da tudu a tsakiya mai gogar cikin mota, rairai mai laushi, ga kututturen gero bayan girbi da ƙayar aduwa. Mafi yawan fitar yini guda nan muke yin ta.

Na uku arewa, Dakoro wadda ta haura kilomita 100 daga Maradi, sannan Kwarin Tarka, Bermo, har gandun dajin Gadabeji mai hekta 76,000 wanda anka keɓe tun 1955, UNESCO ta sa shi cikin jerinta na wuraren kiyaye halittu a 2017, kuma a watan Nuwamban 2018 anka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure anka sake su ciki. Wanga gaskiya ba tahiyar yini guda ba ce sai da kwana, daga ka bar Dakoro bakanike ya ƙare, wayar ma sai ka hau tudu, kuma sai ka bi ta hannun ma'aikatan gandun daji kafin ka shiga.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Na farko shi ne ko motar na da L4, ƙaramin giyan nan na ƙarfi da ke sa mota ta riƙa jan jiki a hankali ba tare da ta ƙone kuloci ba, da kuma tashinta daga ƙasa. Mota na iya jan taya huɗu amma ba ta da L4, kuma wanga bambanci shi dillalai ba su son faɗi. Na biyu kuɗɗi, na saye da na mai. Na uku juriya, wato ƙura da zafin watan Afrilu da gargadar burji mi za su yi mata cikin shekaru. Na huɗu sauƙi, na tuƙi da na gyara. Na ƙarshe kasada, ta ɓarayi da ta gurɓataccen mai da ta tsayawa inda ba kowa.

Maganar kuɗɗin saye, ka sani tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin hanyar Kwatano da munka saba ta toshe, motoci sai su zagayo ta Lome su bi Burkina ko su shigo ta Najeriya, shi ya sa komi ya hau, farashin da abokinka ya sayi tashi shekarun baya ka manta da shi. Na mai kuwa, a Yulin 2024 gwamnati ta maida litar esansi 499 sefa, gazuwal 618, wato a wurinmu gazuwal ta fi esansi tsada, ka riƙe wanga don zai canja lissafi can gaba.

Land Cruiser 70

Ita ce ma'aunin da ake auna saura da shi. Tun 1984 Toyota ke ƙera ta har yau ba su daina ba, akwai 79 mai buɗaɗɗen baya, 78 doguwar nan ta ƴan poroje da asibitoci, da 76 mai ƙofa biyar. Injin da ya yi mata suna a nan shi ne 1HZ, lita 4.2, silinda 6, gazuwal, ba turbo ba kwamfuta, ƙarfinshi wajen doki 130 kawai, abin da ƙaramar motar zamani ma ke da shi. Bisa kwalta kowa zai wuce ka, in ka taka ta sai ta yi ta gurnani tana tahiya yadda ta ga dama, amma ka sa ta cikin rairai ka ga aiki, ƙarfinta tun daga ƙasa yake ba sai ka tayar da inji ba. Gaba da baya sandar ƙarfe ce guda ke riƙe da tayoyi, ba wasu ƙananan hannuwa da za su lanƙwashe in ka faɗa rami, kuma da yawansu na zuwa da tanki biyu na lita 90-90, ka je Gadabeji ka dawo ba ka nemi gidan mai ba.

Gyara kuwa ba magana, duk garejin Maradi ba ka rasa wanda ya taɓa buɗe 1HZ, har Dakoro akwai, ka dai kiyaye belin taimin ka canja shi wajen kilomita 100,000 kada ka jira ya tsinke, ka kiyaye lagireto. Masu tsohuwar siririyar taya mai cub duk mai facin ƙauye zai gyara maka ita da hannu. Abu guda da sabon shiga ke mantawa, a yawancinsu sai ka sauka ka murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba da hannunka kafin gaban ya fara ja, in ba haka ba ka sa H4, wato jan taya huɗu a babban giya, ka sa L4 duk a banza, baya kaɗai ke haƙa.

Aibinta uku ne kuma ba ƙanana ba. Tsada, don tsohuwarta ma ba ta faɗuwa, sojoji na so, ƙungiyoyin agaji na so, tun da zinariya ta ɓulla Jado a 2014 masu haƙa ma sunka shigo layi. Wanga kuma ya jawo na biyu, da yawa daga waɗanda za ka samu hannu na biyu sun sha wuyar hamada da lodin da ya fi ƙarfinsu, an yi musu fenti sun yi kyau amma ka shiga ƙarƙashi da fitila ka duba shasi ko an yi walda, musamman wajen da sifirin na baya ke kamawa. Na uku shi ne ido, mai buɗaɗɗen bayan nan ita ce motar da masu ɗauke da makamai sunka fi nema a duk Sahel, ɓarawo na kallonka jandarma ma na kallonka, takardunka su zama cikakku kullum. Ban da wahalar zama, in ka ɗauki iyali bisa gargada da ita sau ɗaya uwargida ba ta sake bin ka.

In ka ci karo da Land Cruiser 105 mai lahiya, wadda anka yi tsakanin 1998 da 2007 da injin 1HZ ɗin nan da sandar ƙarfe a gaba amma da jikin babbar mota mai taushin zama, kada ka tsaya dogon ciniki, samunta ne wuya. Su V8 kuwa na manya, suna iyawa sarai, nauyi ne da shan mai, kuma ban ga mai son ƙaya ta karce mishi fentin miliyoyi ba.

Hilux

Ita ce ta talaka mai rufin asiri kuma ita ta fi yawa cikin ayarinmu. Wadda ake ce ma Vigo ta fito wajen 2005 ta kai 2015, daga nan sabon jiki ya karɓa. Tana da L4, tana da shasi na gaske, ta fi Land Cruiser rashin nauyi don haka ba ta saurin nutsewa, ranar Litinin kuma ka loda mata buhunan taki ko ridi ta maida maka kuɗɗin man da ka ƙona ranar Lahadi. Kayan gyaranta sun fi na kowa yawa, in babu a Maradi ana kawowa daga Katsina ko Kano ta Dan Isa cikin kwana ɗaya biyu, sai dai jabu ya yi yawa, filta da shoka musamman, ka tahi da bakanikenka in za ka saye.

Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne inji, don Hilux ba guda ba ce. Akwai 5L-E mai lita 3.0 marar turbo, raggo ne wajen gudu amma mai haƙuri, ɗan uwan 1HZ ne a hali. Akwai D-4D, 2KD mai 2.5 da 1KD mai 3.0, da na sabon jiki 2.4 da 2.8, waɗannan sun fi ƙarfi sun fi tsimin mai amma nozul ɗinsu, masu fesa gazuwal cikin inji, na aiki da matsi mai tsanani, ruwa ko ƙasa kaɗan cikin gazuwal ya isa ya kashe su kuma kuɗɗin saiti guda sai ka dafe kai. Sai 2TR mai esansi lita 2.7, ba ruwanshi da wagga fitina, ya dai fi sha.

Na ga wanga da idona wata fita bayan Mayahi, wani abokin tahiyarmu man shi ya yi ƙasa ya sayi jarka guda a bakin hanya, ba mu yi nisa ba fitila ta kama a dashbod mota ta fara shaƙewa tana tari. Bakaniken da muke tahiya da shi ya kwance ƙasan filta ya tara ma abin da ke fita wata farar gorar ruwa, ya ɗaga ta sama ya ce “Alhaji dubi nan”, gazuwal na bisa ruwa ya kwanta ƙasa kamar yatsa biyu har da baƙin gari-gari. Allah ya sa ya kashe motar da wuri, anka tsiyaye anka sa sabuwar filta munka wuce. Ba laifin mota ba ne, na jarka ne, amma tsohon inji da ya haɗiye abinshi ya ci gaba da tahiya yana hayaƙi. Don haka mai D-4D ya cika tankinshi a gidan mai cikin gari, wajen lita 80 take ci, ya riƙe filta ta ajiya, ya bar ma ƴan ruwa-ruwa masu babur.

Sauran aibinta, baya ba nauyi in ba kaya, bisa gargada sai ta riƙa tsalle tana wutsiya, ka aza buhu biyu na ƙasa ko jarkokin ruwa bisa tayoyin baya ta natsu. Kujerar baya ta Vigo a miƙe take, dattijo ba ya jin daɗinta. Kuma yawancinsu ba a barin su cikin H4 bisa kwalta, daga ka hau titi ka maida H2, wato baya kaɗai ke ja, in ba so kake ka ci giyabos ba. Ɓarayi ma na son ta, ba kamar 79 ba dai.

Prado

In da iyali za ka riƙa fita, nan hankalinka zai tsaya. Akwai ta 1996 zuwa 2002, ta 2002 zuwa 2009 wadda ta fi yawa a hannun mutane, da ta 2009 zuwa 2023. Kullum tayoyinta huɗu ke ja ba sai ka sauka ka murɗa komi ba, tana da L4 da makullin dif na tsakiya mai sa gaba da baya su ja daidai, zama da taushi, kilim na sanyi, ƙura ba ta shigowa, wasu har kujeru layi uku. Ga sabon direba ita ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman mai otomatik, don abin da ke kahe mutane cikin rairai sau da yawa canjin giya ne, kana taka kuloci mota ta tsaya cak, otomatik kuwa ba ta yanke ja. Sai dai ka sa ta L4 in rairan ya yi zurfi kuma da nisa, in ka bar ta a babban giya man giyabos zai yi zafi.

Ita ma injinta kala-kala ne. Mai 2.7 esansi jikin ya fi ƙarfinshi, da mutum bakwai da kaya a tudun rairai sai ka ji tausayinshi. V6 mai lita 4.0 shi ne daɗin, ƙarfi kamar mi, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohon 1KZ mai gazuwal ba ya yafe zafi, in ya tafasa sau ɗaya kan inji na iya tsagewa, a garin da zafi ke wuce digiri 40 wanga ba ƙaramar magana ba ce. Mai 1KD kuwa duk abin da na faɗa kan nozul ɗin Hilux ya hau kanshi.

Kuɗɗin sayenta ya danganta da shekara ƙwarai, tsohuwa na iya zuwa ƙasa da Hilux mai kyau, ta bayan 2009 kuwa sai mai hali. Abin da zan ce ka guje ma shi ne masu balan-balan ɗin iska a baya maimakon sifirin, ranar da ta fashe a daji mota za ta zauna da gindi, da yawa ma cire ta suke su maida sifirin na ƙarfe. Robobin gaba da matakalar gefe su ma tudun tsakiyar hanyar amalanke na son cire su. Kayan gyara akwai, wasu ma iri ɗaya ne da na Hilux, amma abin da ya shafi wuta da kwamfuta sai ka nemi mai na'ura, ba kowane gareji ba.

Pajero

Kada wanda ya raina ta, motar da ta ci tseren Dakar sau 12 tsakanin 1985 da 2007 ba abin wasa ba ce, kuma tseren nan ya sha ratsa Agadas da Tenere. Cikin rairai tana tahiya da kyau, tana da L4, kuma tsarinta na Super Select na bari ka yi tahiya da taya huɗu ko bisa kwalta ba abin da zai same ta. Kuma a kasuwa ta fi Prado sa'arta araha sosai, abin da ke jan mutane kenan.

To amma araha ba ta ado. Mitsubishi ta daina ƙera ta a 2021, kayanta a nan ba su kai rubu'in na Toyota yawa a ido ba, abin da mai Hilux zai saya kafin azahar kai sai ka yi waya Yamai ko Kano ka jira. Ta 1991 zuwa 1999 mai inji 2.8 ita ce mai sauƙin kai, masu gyaranta na nan. Daga 1999 sunka canja jiki, ba shasi daban, ƙafafu huɗu kowace da hannuwanta da robobinta, daɗi bisa gargada amma in sunka tashi lalacewa tare suke tashi. Famfon gazuwal na injin 3.2 na farko da na'urar birkinta mai aiki da wuta duk abubuwa ne masu tsada da ba kowa ke taɓa su ba. Ranar saidawa kuma za ka gane dalilin da ya sa ka same ta da araha. Nissan Patrol mai inji TD42 ma kusan labarin guda ne, ƙarfi kamar Land Cruiser, kaya sai an nema, mai ZD30 na farko-farko kuwa ka bar ma mai ita.

RAV4

Ita ce ta fi araha, ta fi tsimin mai, ta fi daɗin yawo cikin gari, kuma ita ce ba kat-kat ta gaske ba. Ba ta da L4, ƙirar ƙaramar mota ce anka ɗaga, kuma da yawa daga waɗanda ke zuwa daga Amurka gaba kaɗai ke ja, ka duƙa ka leƙa ƙarƙashi in ba ka ga sandar da ta tahi tayoyin baya ba to an saida maka suna ne. Masu ja huɗun ma na 2006 zuwa 2012 maɓallin kulle su na sakin kanshi in ka wuce kilomita 40 a awa.

Duk da haka ba zan ce ba ta zuwa ko'ina ba, rashin nauyinta na taimakonta in direba ya san abin da yake yi. Wata fita a Gulbin Kaba wani yaro matashi ya shigo da tashi tayoyi cike tam da iska kamar zai tahi Damagaram, tsakiyar kwari ta tsaya, shi kuma ya ci gaba da taka totur rairai na tashi sama har cikinta ya zauna ƙasa. Wani dattijonmu mai tsohuwar Land Cruiser ya taka a hankali ya zo, yaron ya ce “Baba ta ƙi fa”, ya ce “ɗana ɗaga ƙafarka, kabari kake haƙa mata.” Ya tsuguna ya sa tsinken ashana a bakin bawul yana sauke iska taya bayan taya har sunka yi tumbi, ya sa munka kwashe rairan gaban tayoyi da shebur anka shimfiɗa kaba, ya ce ya ja da baya tukuna a hankali ba gaba ba, sai ga ta ta fito ko igiya ba a ɗaura ba. Daga nan har munka gama yini ba ta sake kahewa ba, sai dai robar ƙarƙashin injinta da munka tsinto a hanya.

Wanga darasi na kowa ne ba na mai RAV4 kaɗai ba, cikin rairai ka sauke iska zuwa wajen kilo 1.2 ko 1.5, kada ka yi gudu ko ka karya kwana da ƙarfi a haka don taya na iya fita daga ƙarfenta, in ka dawo burji ko kwalta ka maida iskarka, wato famfon iska mai aiki da batir dole ne.

Lissafin mai na fitar yini

Ka ɗauka fitar kilomita 200 ce, bisa farashin man Yulin 2024. Hilux D-4D da ke shan wajen lita 10 a kilomita 100, lita 20 kenan, jika 12 da ƴan kai. Land Cruiser 1HZ a wajen lita 14, lita 28, jika 17 da wani abu. Prado V6 a wajen lita 16, lita 32 na esansi, kusan jika 16. Ka gani, V6 ɗin da kowa ke tsoro ba ta fi 1HZ cin aljihu ba saboda esansi ya fi araha a nan. Wanga lissafin hanya mai kyau ne, in rairai ya yi yawa ka ƙara kashi ɗaya cikin uku ko rabi. Abin da ke kan mai esansi shi ne ranar ƙaranci, wanda ya ga layin gidajen mai na watan Maris 2025 ya san abin da nike nufi, matatar SORAZ ta Damagaram ganga 20,000 take tacewa a yini, kuma tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 man ƴan ruwa-ruwa ya daina zama mafita mai araha.

| Mota | Kuɗɗin saye | Shan mai | Cikin rairai | Gyara a Maradi | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| Land Cruiser 70 | tsada ƙwarai ko tsohuwa | da yawa | ba ta biyu | sauƙi, har Dakoro | ɓarayi, shasi mai walda |
| Hilux | tsaka zuwa sama | kaɗan zuwa tsaka | ƙwarai | ya fi na kowa sauƙi | gurɓataccen gazuwal, kayan jabu |
| Prado | ya danganta da shekara | tsaka zuwa sama | ƙwarai | sauƙi, ban da wuta | zafin inji, balan-balan ɗin baya |
| Pajero | araha | tsaka | da kyau | sai an jira kaya | zaman gareji, faɗuwar daraja |
| RAV4 | ta fi kowa araha | kaɗan | sai da dabara | sauƙi | kahewa, bugun ƙarƙashi |

Kafin in raba, akwai abin da ba ruwanshi da irin mota. Ba mu fita ƙasa da mota uku, muna tashi bayan asuba don rairan sahe ya fi ƙarfi kafin rana ta sake shi, mu shaida ma jandarma inda za mu, mu dawo kafin magariba. Lokacin da ya fi shi ne bayan girbi, Nuwamba zuwa Fabrairu, da damina hanyar na bi ta cikin shuka kuma ba mai yafe maka in ka taka mishi gero. In kunka shiga gari ku rage gudu ku gaida maigari, ƙurar mota goma ba ƙaramin abu ba ce ga mai shanya a tsakar gida. A arewa kuma busasshiyar ciyawa na taruwa gaban lagireto da jikin salansa, duk tsayawa ka duƙa ka cire, gobarar daji guda na cinye abincin dabbobin rugage da yawa. Tayar ajiya biyu in da hali, igiyar ja, shebur, katako na ɗora jak, ruwa jarka biyu.

To wa zai ɗauki wacce

In burinka Gadabeji da Tarka da kwana a daji, kana da kuɗɗin kuma kana da gidan da za ka kulle ta, Land Cruiser mai 1HZ, 76 ko 78 ko 105 sun fi 79 kwanciyar hankali tunda ba su ake farauta kamar ita ba. In mota guda za ka riƙe ta yi maka gona da kasuwa da fitar ƙarshen mako, Hilux, kuma in kana yawan shan mai a ƙauye ka nemi 5L-E ko mai esansi ka bar D-4D ga wanda ba ya nisa da gidan mai. In uwargida da yara za su riƙa bin ka ko kuma kai sabon hannu ne, Prado ta 2002 zuwa 2009 mai sifirin na ƙarfe, V6 in za ka iya ciyar da ita. Pajero ta wanda ke da wata motar ce a gida kuma yana da bakaniken da ya santa tun kafin ya saya, ba bayan ya saya ba. Mai RAV4 kuma kada ya saida abinshi don fita biyu uku a shekara, ya zo Madarunfa da Tibiri da ita, ranar Gulbin Kaba ya sauke iska ya shiga tsakiyar ayari, ranar Dakoro ya aje ta gida ya kawo kuɗɗin mai ya zauna gaban Hilux ɗin wani.